Yadda Za Ka Auna Ƙirar Agogon Maƙera Masu Zaman Kansu da Idonka

Ka ajiye agogo biyu a kan faranti ɗaya a gaban masu tara agogo goma, ɗaya Simplicity na maƙeri Philippe Dufour, ɗaya UR-103 na kamfanin Urwerk, sannan ka koma gefe ka kasa kunne. Kafin shayi ya huce ɗakin ya rabu gida biyu. Na farkon ɗan zagaye ne, faɗinsa milimita 34 ko 37, hannayensa uku, ba abin da yake yi sai nuna lokaci. Na biyun ba shi da hannu irin wanda ka saba gani: lambobin awa ne ke zagayowa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ratsa layin mintuna daga 0 zuwa 60 ta ɓace, wata ta karɓa. Wasu za su ce na farko shi ne agogo, na biyu kayan wasa ne mai tsada. Wasu kuma su ce na farko tsohon yayi ne aka goge shi ya yi sheƙi, na biyu ne ya zo da tunani.

Abin da na lura da shi bayan na daɗe ina sauraron wannan muhawara shi ne, ƙwararrun kowane ɓangare tambayoyi iri ɗaya suke yi wa agogo. Amsar da ke gamsar da su ce kawai ta bambanta. Waɗannan tambayoyi na jero a nan bi da bi, yadda ko ba ka da niyyar saye za ka iya riƙe agogo a hannu ka faɗi ra'ayinka da hujja.

Mataki na 1: Ka san wa ake kira mai zaman kansa

A ƙarshen shekarar 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu mai batir na farko irin na kwaz da aka sa a kasuwa. Cikin shekara goma sha biyar masana'antar agogon Suwizalan ta durƙushe: ma'aikatanta sun ragu daga wajen 90,000 a 1970 zuwa wajen 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Yawancin sunayen da suka tsira sun koma ƙarƙashin manyan rukunoni, waɗanda a yau ake sani da Swatch da Richemont da LVMH. A cikin wannan yanayi ne, a 1985, Svend Andersen da Vincent Calabrese suka kafa ƙungiyar AHCI domin maƙeran da ke aiki da sunansu a ɗan ƙaramin ɗakin aikinsu.

To amma iyakar ba a fili take ba. Rolex da Patek Philippe ba sa ƙarƙashin kowane rukuni, duk da haka ba su ake nufi ba idan an ce masu zaman kansu. Kamfanin kayan ado na Chanel ya sayi kashi 20 cikin ɗari na kamfanin agogon F.P. Journe a 2018, ya kuma sayi kashi 25 na MB&F a 2024, amma har yau masu tara agogo na lissafa su biyun a wannan sahu. Ma'aunin da nake amfani da shi ɗaya ne: wa ke da maganar ƙarshe a kan ƙira? Idan za ka iya kiran sunan mutum guda ko biyu, ka ce idonsu ne ya zaɓi wannan lanƙwasa, to agogon ya shiga hirarmu. Idan kwamiti ne da sashen talla, wata hira ce daban.

Mataki na 2: Kalle shi daga nesa, kafin kowa ya gaya maka kuɗinsa

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Da an ce maka agogo ya kai dala dubu ɗari biyu, idonka ya riga ya karɓi cin hanci. Saboda haka ka roƙi mai nuna maka ya yi shiru tukuna. Ka ajiye agogon a kan tebur, ka ja da baya taku biyu.

Tambaya ta farko: ƙarfe nawa? Idan ka wuce daƙiƙa biyu ba ka karanta lokaci ba, ka riƙe wannan a ranka. Ba hukunci ba ne tukuna, domin akwai agogon da sai ka koyi karatunsa, amma dole ya biya ka wahalar koyon da wani abu.

Tambaya ta biyu: da za a goge sunan da ke fuskarsa, za ka gane na wane ne? Masu tara agogo na ba wannan gwaji muhimmanci ƙwarai. Agogon De Bethune ana gane shi daga ƙarshen ɗaki saboda shuɗin titaniyom ɗinsa da ake samu ta hanyar gasa ƙarfen da wuta. Na Journe ana gane shi da siraran hannayensa masu kama da ɗigon hawaye da kuma ƙananan kusoshin da ya bari a fili a fuskar agogo. Kamfanin H. Moser & Cie ya kai wannan tunani maƙura a 2015, inda ya fitar da agogo babu suna babu lamba a fuskarsa, sai launin nan nasa mai haske a tsakiya da ke duhu zuwa gefe. Agogon da sai ka karanta sunansa kafin ka san mai shi, bai gama samun muryarsa ba.

Mataki na 3: Matso kusa da fuska

Fara da lambobi da rubutu, don a nan ake kama malalacin mai zane. Maƙera da yawa sun iya inji amma sai su ɗauko salon rubutu daga kwamfuta su manna. Ka dubi Chronomètre Bleu na Journe, wanda ya fito a 2009: lambobin awa ba girmansu ɗaya ba, 7 da 8 sun ƙanƙance domin su ba wa ɗan da'irar daƙiƙa wuri. Wasu na ganin wannan rashin daidaito ne. Ni kuwa ina ganinsa alamar cewa mutum ne ya zauna ya zana kowace lamba domin wannan fuska kaɗai, maimakon ya gutsure lambar kamar yadda manyan kamfanoni da dama ke yi. A Japan, Naoya Hida ya bi wata hanya: lambobinsa ana sassaƙa su ne da hannu a cikin ƙarfen fuskar, sannan a cika ramin da baƙin launi. Ka karkata agogon gefe za ka ga zurfinsu.

Sai hannaye. Ka duba tsawonsu: dogon hannu ya kamata ya kai kan layin mintuna daidai, gajeren kuma ya tsaya a bakin lambobin awa. Hannun da ya gaza kaiwa yakan nuna an aro inji ko hannaye daga ƙaramin agogo an sa a babba. Ka duba kuma ko hannun falle ne da aka datso daga faranti, ko mai tudu ne da aka zagaye da magagari aka goge. Laurent Ferrier, wanda ya shafe shekara 37 a Patek Philippe kafin ya buɗe nasa, ya ƙera hannayensa da siffar mashin assagai na kudancin Afirka, dogaye sirara. Idan hannun shuɗi ne, ka tambaya ko fenti ne ko wuta. Ƙarfen da aka gasa zuwa zafin wajen digiri 290 yakan koma shuɗi mai zurfi da ke sauyawa zuwa kusan baƙi idan haske ya kauce. Fenti launinsa ɗaya ko ta ina.

Daga nan sai ƙasan fuskar kanta. Iri biyu ne suka fi tayar da hira. Akwai inamel, wato garin gilashi da ake barbaɗawa a kan faranti a gasa a tanda mai zafin wajen digiri 800, sau da yawa a jere. Kowace gasawa na iya fasa shi, amma wanda ya tsira ba ya koɗewa ko bayan shekara ɗari. Rexhep Rexhepi ya yi amfani da shi a Chronomètre Contemporain, agogon da ya ci kyautar agogon maza a gasar GPHG ta Jeniba a 2018. Akwai kuma giyoshe, zanen layuka masu maimaituwa da ake sassaƙawa da tsohon injin da ake juyawa da hannu. Kari Voutilainen, ɗan Finlan da ya buɗe ɗakin aikinsa a garin Môtiers na Suwizalan a 2002, shi ne sarkin wannan fanni a zamaninmu. Gane na gaske da na bugu ba wuya: wanda aka sassaƙa yana da kaifi, kowane layi na kama haske shi kaɗai, wanda aka buga da hatimi kuwa gefensa dakusasshe ne. Duk wanda ya taɓa ɗora hula aikin hannu kusa da ta keke ya san bambancin da nake nufi.

Mataki na 4: Ɗaura shi

Hoto maƙaryaci ne, gani ya kori ji, amma a harkar agogo ɗaurawa ta kori gani. Lambar da ake tallatawa ita ce faɗin jiki, alhali wadda ta fi shafar ka ita ce tazarar da ke tsakanin ƙarshen kunnuwan sama da na ƙasa, wato inda maɗauri ke kamawa. Ka auna faɗin saman wuyan hannunka da tef ɗin tela. Idan kunnuwan agogo suka zarce wannan faɗi, zai riƙa lilo komai kyansa. Idan ba za ka samu agogon a hannu ba, ka nemi ma'aunansa, ka yanka kwali daidai da su ka ɗora.

Kunnuwa kuma sa hannun maƙeri ne. Na Voutilainen kamar ɗigon ruwa suke. Na DB28 na De Bethune, wanda ya ci babbar kyautar GPHG a 2011, suna motsi a kan sifirin su rungumi hannu, shi ya sa agogo mai faɗi haka yake zama lafiya a siririn hannu. Rexhepi ya ɗauki wannan fanni da muhimmancin da ya sa a 2019 ya dawo da Jean-Pierre Hagmann, tsohon gwanin ƙera jikin agogo, daga ritaya domin ya yi aiki tare da shi.

Ka wana shi da yatsunka. Ka ji ko maɓallin wanin na kamuwa, ko yana cizon bayan hannu, ka saurari ƙarar da yake yi. Agogon da za ka riƙa wanawa kowace safiya, wannan ɗan taɓin na cikin ƙirarsa.

Akwai abubuwa uku da suka shafe mu musamman. Na ɗaya kauri: idan kaftaninka mai hannun links ne, agogon da ya wuce milimita 12 zai riƙa maƙalewa, mai hannun buɗe kuwa ba ruwansa. Na biyu ruwa: yawancin waɗannan agogai an rubuta musu mita 30, wanda a aikace ke nufin fantsama kawai, kuma maɗaurinsu fata ne, don haka cire shi za ka riƙa yi a kowace alwala. Ka duba ko maƙullin na da sauƙin buɗewa. Na uku ƙarfe: namiji Musulmi da ke guje wa zinare ya sani cewa farin zinare ma zinare ne. Akwai filatinom, da titaniyom, da ƙarfe mara tsatsa, da tantalom mai launin toka-shuɗi irin na Chronomètre Bleu. Sai dai ka lura, tun 2004 Journe yake ƙera farantan injinsa da jan zinare, har a agogon da jikinsa ba zinare ba ne. Wannan tambaya ce ta kai wa malaminka kafin ka biya kuɗi.

Mataki na 5: Juya bayansa

A nan ne masu tara agogo suka fi daɗewa, kuma a nan ne sabon shiga ya fi ruɗewa, don ƙyalli na ɗauke ido. Kada ka ɗauki tabaron mai gyara tukuna. Fara da kallon tsarin ginin da ido tsirara.

Injin ya cika gidansa, ko ɗan ƙarami ne aka zagaye da zoben ƙarfe don ya toshe gurbi? Farantan da ke riƙe da haƙoran injin, wane irin layi suka bi? A Simplicity layukan suna kwarara kamar na tsofaffin agogon kwarin Vallée de Joux na Suwizalan, inda Dufour ke zaune. A Chronomètre Contemporain hagu da dama daidai suke kamar an naɗe takarda biyu. 'Yan'uwan nan biyu na Holan, Bart da Tim Grönefeld, sukan yanka farantansu da siffar goshin tsofaffin gidajen ƙasarsu, kuma da ƙarfe mara tsatsa suke yi, wanda ya fi tagulla wuyar gogewa nesa ba kusa ba. Tsari mai kyau shi ne wanda idonka zai iya bin hanyar ƙarfi daga gangar sifirin, ta haƙora, har zuwa wilin da ke kai-komo, ba tare da ka ɓace ba.

Yanzu ka ɗauki tabaron. Na koyi riƙe shi ne a wurin wani dattijo mai gyaran agogo a kasuwa, wanda ya ga ina ta matsar da gilashin gaba da baya, ya kama hannuna ya manna tabaron a idona, ya ce abin ake kawowa wurin ido, kuma kada in rufe ɗaya idon. Mai ƙara girma sau huɗu ko biyar ya isa. Wanda ya kai goma zai nuna maka aibu a kowane abu da ɗan'adam ya taɓa.

Abu na farko da za ka nema shi ne gefen faranti. Ana daddatse kaifinsa a karkace sannan a goge har ya zama kamar madubi. Inji na iya yin wannan, amma gefen da ya yi a miƙe yake, wani lokaci da ƙananan layukan da haƙorinsa ya bari. Na hannu yana da ɗan tudu, haske na gudu a kansa idan ka juya agogon. A Vallée de Joux, gogewar ƙarshe da itacen wani tsiro na tsaunukan Jura mai suna janshiyan ake yin ta, kuma Dufour ya shahara da wannan.

Abu na biyu shi ne kusurwar ciki, inda gefe biyu da aka goge suka haɗu a lungu mai tsini. Haƙorin inji zagayayye ne, yana juyawa, don haka lungun da ya bari a zagaye yake. Lungu mai kaifi kamar an tsaga da wuƙa, bisa al'ada aikin magagari ne da hannu. Shi ya sa za ka ji masu tara agogo suna ƙirga su. To a nan ina da ƙorafi. Tun da kasuwa ta gane ana ƙirgawa, sai wasu sababbin maƙera suka shiga cusa lunguna inda babu dalili, faranti ya koma kamar haƙoran zarto. Lungu uku da suka fito daga tsarin injin sun fi talatin da aka ƙirƙiro don hoto.

Abu na uku baƙin sheƙi. Ana goge ƙarfe a kan faranti mai laushi har ya miƙe sarai, ta yadda daga wata kusurwa zai yi fari tas, ka ɗan karkata ya koma baƙi ƙirin. Ka duba kan kusoshi. Idan ramin kusa ya tauye ko gefensa ya karce, an yi gaggawa wajen haɗawa.

Kada kuma ka ɗauka salon Suwizalan ne kaɗai daidai. Roger Smith, da ke tsibirin Isle of Man, yana bin tafarkin Ingila: faranti mai ɓarzajjen zinare kamar raɓa, ba layukan adon nan da ake kira layukan Jeniba, sai kauri da zurfi. Labarinsa da malaminsa George Daniels na da darasi a kan wannan mataki. Smith ya kai wa Daniels agogon aljihunsa na farko, Daniels ya ƙi shi saboda ana ganin alamun hannu a jikinsa. Smith ya koma ya shafe shekara biyar yana sake na biyu kafin ya karɓu. Wannan agogo na biyu an sayar da shi a gwanjon Phillips a 2023 kan dala miliyan 4.9. Wato ko a wurin wanda ya fi kowa kishin aikin hannu, karkata da karce ba ado ba ne. Idan mai sayarwa ya ce maka aibun da ka gani shaidar aikin hannu ce, kada ka karɓa.

Mataki na 6: Tambayi wa ya yi me

Ba maƙerin da ke yin komai, sai 'yan ƙalilan. Kamfanin Greubel Forsey ya gwada a agogonsa Hand Made 1 na 2019: kashi 95 cikin ɗari da kayan aikin hannu, kuma kowane guda ya ci awa wajen 6,000. Wannan ya nuna maka dalilin da ya sa saura ba sa yi. Ko Simplicity, fuskarsa mai giyoshe kamfanin Metalem ne ya yi ta, sunan ma na rubuce a ƙasanta. Ressence na Beljiyam, wanda mai zanen kayan masana'antu Benoît Mintiens ya kafa a 2010, ya gina fayafayansa masu juyawa ne a kan injin kamfanin ETA da aka gyara. Maximilian Büsser, wanda ya kafa MB&F, shi ma ba maƙeri ba ne, harafin F da ke MB&F na nufin abokai, kuma yana bayyana sunayen waɗanda suka yi kowane aiki. Injin agogonsa Legacy Machine na farko a 2011, Jean-François Mojon da Voutilainen ne suka yi shi.

Masu tara agogo ba sa ƙin aro. Ɓoyewa suke ƙi. Ka yi tambayoyi huɗu kai tsaye: wa ya zana injin, wa ya yanka sassansa, wa ya goge su, wa ya yi fuska da jiki. Mai gaskiya zai amsa cikin minti ɗaya, har da alfahari. Wanda ya shiga kewaye-kewaye ya riga ya ba ka amsa. Rubutun Swiss Made ma kada ya rufe maka baki, domin dokar da ta fara aiki a 2017 kashi 60 cikin ɗari na kuɗin ƙira kawai ta wajabta a kashe a Suwizalan.

Mataki na 7: Idan agogon baƙon halitta ne

Mu koma kan farantin da muka fara da shi. Yaya ake auna agogon da ba ya kama da agogo, irin HM4 na MB&F mai siffar injinan jirgin sama guda biyu, ko Antiqua na Vianney Halter na 1998 mai tagogi huɗu da kusoshi kamar na jirgin ruwa?

Tambayar ita ce: siffar daga ina ta fito? Idan injin aka gina domin siffar, ko siffar ta tsiro daga injin, to ƙira ce. Idan za ka iya cire injin ka sa shi a zagayayyen gida ba abin da ya canza, to riga ce kawai aka sa masa. Lambobin Urwerk masu yawo ba son burgewa ne ya kawo su ba. Felix Baumgartner da Martin Frei, waɗanda suka kafa kamfanin a 1997, sun ɗauko tunanin ne daga agogon dare da 'yan'uwan Campani suka ƙera a Italiya a ƙarni na 17, kuma tun da lokaci na ƙasan fuska, kana iya karanta shi ba ka juya hannu ba. A Type 3 na Ressence an cika saman agogon da mai, wanda ke kawar da karyewar haske, har alamun su zama kamar a kan gilashin aka zana su. Chronomètre à Résonance na Journe na shekarar 2000 yana da fuska biyu ne saboda a ciki akwai wili biyu masu kai-komo kusa da juna, da ke daidaita bugun junansu.

Wannan ma'auni ya hau kan masu salon gargajiya ma. A 'yan shekarun nan an samu ambaliyar agogai masu hannu uku, milimita 38 ko 39, bayansu na walƙiya, fuskarsu kuwa ba ka iya bambanta ta wannan da ta wancan. Tsofaffin masu tara agogo sun fara gundura da su, kuma ina ganin suna da gaskiya. Gogewa sana'a ce da ake koya a makaranta, kowa ya dage zai iya. Ido shi ne abin da ba a saye.

Mataki na 8: Raba ƙira da kasuwa, sannan ka yi tambayar gobe

A 2021 an sayar da wani agogon Dufour mai suna Grande et Petite Sonnerie kan dala miliyan 7.63. A Nuwamban 2024 wani agogon Journe na 1993 ya kai faran na Suwizalan miliyan 7.32 a Jeniba. Irin waɗannan lambobi sun jawo mutanen da ba agogo suke so ba, riba suke nema, kuma ra'ayinsu a kan ƙira yakan bi farashi duk inda ya nufa. Idan mutum na yaba maka agogo, ka bincika ko yana da irinsa da yake son sayarwa. Ra'ayin da ya fi amfani shi ne na wanda ya ɗaura agogon shekara uku, ya kai shi gyara sau ɗaya, bai kuma rabu da shi ba. Irin waɗannan mutane ana samunsu a taruka kamar Dubai Watch Week, wanda gidan Ahmed Seddiqi & Sons ya fara a 2015, inda maƙeran da kansu ke zaune kana iya yi musu tambaya baki da baki. 

Ka kuma yi wa kanka ƙa'ida: agogon da ya burge ka yau, ka rubuta abu uku da ka so a jikinsa da abu ɗaya da ya dame ka, ka rufe littafin wata guda. Idan ka dawo, abin da ya dame ka ko ya ɓace ko ya girma. Yawanci girma yake yi.

Tambayar gobe kuwa ita ce wa zai gyara. Agogon inji na buƙatar wanki da sabon mai duk bayan shekara biyar ko makamancin haka, ƙurar hunturu da zafinmu kuma ba sa tausaya wa mai. Dufour an haife shi a 1948, wato shekaru sun ja. Daniels ya rasu a 2011, sai dai ya bar ɗakin aikinsa ga Smith, shi ya sa masu agogonsa ke da wurin zuwa. Suna ma na iya rabuwa da mai shi: Daniel Roth ya rasa ikon kamfanin da ke ɗauke da sunansa, kamfanin Bulgari ya saye shi a 2000, shi kuma ya koma ƙera agogo da sunan Jean Daniel Nicolas. Don haka kafin ka ba da kafin alƙalami, musamman idan tsarin biya-kafin-a-ƙera ne irin wanda Journe ya yi da agogo 20 na farko a 1999, ka nemi amsa a rubuce: mutum nawa ne a ɗakin aikin suka iya kwance wannan inji su mayar, an ajiye zanen sassansa da kayan canji, wata nawa gyara ke ɗauka, kuma wa zai biya kuɗin aikawa da inshora daga ƙasarka zuwa can da dawowa.